Tambayi likita: wa doka ta yarje wa ya yi maka gashin ƙashi?

Assalamu alaikum jama'a, tambayoyin wannan makon kusan duk a kan fisiyo suka zo, wato gashin ƙashi, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Likita dan Allah mahaifiyata ce ta samu shanyewar ɓarin jiki wata uku kenan, an haɗa mu da wani yana zuwa gida yana mata gashi, ya ce shi likitan fisiyo ne amma hankalina bai kwanta ba saboda yadda yake fizgar hannunta har tana kuka. Ya zan gane na gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya 'yar'uwa. Fizgar nan a dakatar da ita yau ba sai gobe ba. Hannun da ya shanye, naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, in ana jansa da ƙarfi kan ƙashin yana ƙara zamewa daga gurbinsa, ciwon da zai biyo baya kuma sai ya yi watanni yana hana mutum bacci. Na taɓa duba wata dattijuwa da aka yi wa irin wannan jan, in ka ɗora yatsa a saman kafaɗarta sai ya faɗa cikin wani ɗan rami tsakanin ƙasusuwan, ko riga za a sa mata sai ta yi hawaye, har yau abin yana min ciwo. Wanda ya karanci aikin tallafe hannun yake yi ya motsa shi a hankali.

Maganar gane na gaskiya kuma, fisiyo ba tausa ba ce da za a koya a wata biyu, digiri ne na jami'a, kuma bayan digirin sai hukuma ta yi wa mutum rajista kafin ya taɓa majinyaci. A Najeriya hukumar MRTB ce ke wannan aikin, dokar 1988 ce ta kafa ta, sai mutum ya gama karatu ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi. A Ingila hukumar HCPC ce, can laifi ne ma ka kira kanka likitan fisiyo in ba ka cikin rajistarsu, kuma kowa na iya shiga intanet ya duba sunan mutum. To ki tambaye shi lambar rajistarsa da lasisinsa na bana, ba tare da jin nauyi ba, sannan ki tabbatar a wajen hukumar. Farar riga ba shaida ba ce, katin ƙungiya ma ba lasisi ba ne. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, wanda ya fara kame-kame ko ya ce an raina shi, a sallame shi cikin mutunci. Ki kuma lura ko yana auna hawan jininta kafin su fara, ko yana rubuta abin da ya yi kullum, domin ajiye bayanan majinyaci wajibi ne a aikin.

Tambaya: Mai min gashin gwiwa ya ce zai min allura a cikin gwiwar ya kuma rubuta min magani, yana da wannan hurumin?

Amsa: Malam ya danganta da dokar ƙasar da kake. A Ingila tun 2013 aka ba wasu likitocin fisiyo damar rubuta magani da kansu, amma sai waɗanda suka yi ƙarin karatu aka kuma rubuta hakan a rajistarsu. A ƙasashe da yawa ba ya cikin aikinsu sam. Allurar cikin gaɓa ba wasa ba ce, in ƙwayar cuta ta shiga tana iya lalata gwiwar cikin 'yan kwanaki. Kada ka yarda sai ka ga shaida.

Tambaya: Ni mace ce ina fama da ciwon baya, namiji ne yake duba ni kuma ya ce in cire riga, na ji kunya na kasa magana. Dole ne?

Amsa: Ba dole ba ne Hajiya. Gaskiya ne akwai lokacin da sai an ga bayan an taɓa shi kafin a gane matsalar, amma ƙa'ida ita ce ya faɗa miki inda zai taɓa da dalilin taɓawar, ki amince, a rufe sauran jikin da mayafi a buɗe wurin da ake buƙata kawai. Kina da haƙƙin ki ce a kira ma'aikaciya mace ta tsaya, ko ki shiga da 'yar'uwarki, ko ki nemi a canza miki mace in akwai, kuma ko an fara kina iya cewa a tsaya, amincewar jiya ba ta ɗaure ki yau ba. Wannan maganar ma ita ce asalin tsara sana'ar, a 1894 ne wasu mata ma'aikatan jinya da ungozoma a Ingila suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa bayan an bankaɗo lalatar da ake yi a wasu gidajen tausa na Landan, ƙungiyar ce daga baya ta zama babbar ƙungiyar fisiyo ta ƙasar. In ya taɓa ki inda bai kamata ba kada ki yi shiru, wannan ya wuce saɓa ƙa'idar aiki, laifi ne da ake kai wa 'yan sanda.

Tambaya: An sa wa babana abin ɗumi a ƙafa ya ƙone har ya yi ruwa, yana da ciwon suga. Ina za mu kai ƙara?

Amsa: Subhanallah, a fara kai shi a duba ƙunar yau ɗin nan, miki a ƙafar mai suga yana saurin ruɓewa. Masu suga da yawa jijiyoyin ƙafarsu ba sa jin zafi sosai, shi ya sa dole a gwada jin fatar kafin a ɗora wani abu mai ɗumi, a kuma riƙa ɗagawa ana dubawa. Ku ɗauki hoton wurin, ku rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya yi, ku nemi kwafin bayanan jinyar, sannan ku rubuta ƙorafi ga shugabannin asibitin da kuma hukumar da ta ba shi lasisi, ita ce ke da ikon yi masa gargaɗi ko dakatar da shi ko soke sunansa daga rajista. Diyya kuma aikin kotu ne, sai ku ga lauya. Allah ya ba Baba lafiya, ku sanar da ni yadda ƙafar take bayan an duba.