Amsa kan Hajiyar da ta faɗi duk da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce Hajiya ta shafe watanni tana atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya har tana iya cika minti guda, amma da ta yi tuntuɓe da bakin tabarma sai ta faɗi, shi ne kike tambaya ko atisayen ba shi da amfani. Allah ya ba ta lafiya. Na yi jinyar mahaifina bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma mun ga irin wannan.

Abin da likitan fisiyo, wato mai kula da atisayen motsa jikin majinyata, ya fahimtar da ni shi ne, jiki yana ƙwarewa ne a kan abin da aka saba masa. Mai tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan siminti ya san abin da ke tafe, ya kuma shirya masa. Tuntuɓe kuwa ba ya sallama, kuma abin da ke ceton mutum a lokacin shi ne ya jefa ƙafa da sauri ya tare jikinsa. Wannan ƙwarewa ce daban, wadda ido da can cikin kunne da jijiyoyin tafin ƙafa suke haɗuwa su yi.

Sai muka sauya tsari. Yau Baba ya taka yashi, gobe katifa, jibi tsakuwar tsakar gida, wani lokaci da baya da baya, wani lokaci gefe-gefe, ko yana riƙe da buta muna hira. Daga baya likitan ya ɗaura masa ɗamara a ƙugu, yana fizgarsa a hankali ba tare da ya sanar da shi ɓangare ko lokaci ba. A makonnin farko hankalina ya tashi, domin tangaɗinsa ƙaruwa ya yi. Ashe sanannen abu ne: tun a 1979 masu bincike biyu a Amurka, Shea da Morgan, suka nuna a gwajin motsin hannu cewa masu cakuɗa atisaye sun fi fama yayin koyo, amma bayan kwana 10 sun fi masu maimaita abu guda.

Fizgar nan dai kada a gwada ta a gida sai da likita, musamman ga dattijuwar da ƙashinta ya yi rauni, kuma a sa a duba idonta da magungunan hawan jini idan tana sha, domin wasunsu suna sa jiri. Baba kam, wata rana ya yi tuntuɓe da dakalin ƙofar masallaci a gabana, ya jefa ƙafa sau biyu ya tsaya tun kafin hannuna ya kai gare shi.