Ko za a kira Shagari Ma'aji? Da kuma zancen kura da ajiyar nama

Wani ɗalibi ya rubuto: "Malam, na karanta cewa Alhaji Shehu Shagari ya riƙe Kwamishinan Kuɗi na Tarayya kafin ya zama Shugaban Ƙasa. Me ya sa ba a ce masa Ma'ajin Najeriya ba, tunda muna da kalmar?"

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. Ma'aji daga "ajiye" ta fito, aka maƙala mata "ma-" a gaba, kamar yadda noma ya ba mu manomi. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, shi ne mai riƙe da makullin baitulmali, wadda ita kuma aro ce daga Larabci, ma'anarta gidan dukiya. Haraji da jangali su shigo ya ƙirga ya rubuta, albashi ya fita ya rubuta. Ba shi ke yanke inda kuɗi za su tafi ba, umarni yake jira.

Aikin Shagari ya wuce nan. Ya gaji Cif Obafemi Awolowo a 1971, zamanin Janar Gowon, ya zauna har 1975, yana tsara kasafi da manufar haraji daidai lokacin da kuɗin mai suka fara kwararowa. A ganina wanda ya fi dacewa da sunan Ma'aji a yau shi ne Akanta Janar.

Amma zamanin Shagari, Turakin Sakkwato, a wannan kujera ya bar tabo a bakinmu. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya a naira biyu, sule a kwabo goma. Shi ya sa tsofaffi suka daɗe suna cewa "fam biyar" alhali naira goma suke nufi. Kakata har ta rasu ba ta yarda da wani lissafi ba.

Wata baiwar Allah kuma ta tambayi ma'anar "an ba kura ajiyar nama", da take ji idan an naɗa jami'in kuɗi.

Malama, ana faɗin haka in an damƙa amana ga wanda aka san halinsa na cin irin abin. Ki lura, karin maganar ba kura take zargi ba, ita halinta ta yi. Yatsa na nuna wanda ya san ta sarai kuma ya miƙa mata. Don haka kuskure ne a jefi sabon jami'in da ba a taɓa kama shi da komai ba da ita, kamar yadda nake gani a Facebook.