Waƙar Shakira ba ma'aunin warkewarki ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Sifaniya. Bara na bar gidan mijina bayan shekaru na zagi, kulle da duka. Waƙoƙin Shakira da Karol G suna ƙarfafa min gwiwa, amma da na kashe su sai kuka. Ko abincin da nake so ban sani ba yanzu. Ƙawayena sun ce in riƙa saka hotuna da habaici a Instagram ya ga na wuce shi. Ni kuwa ko sunansa na gani a waya sai jikina ya hau rawa. Lafiyata kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lafiyarki lau. Wadda ta yi shekaru tana auna kowace kalma kafin ta furta, jikinta ba ya daina tsoro ranar da ta kwashe kayanta. Rashin sanin abin da kike so ma daga nan yake: an daɗe ana zaɓa miki. Ci gaba da jin waƙoƙinki.

Shawarar ƙawayenki ce ta tayar min da hankali, don kullum sai na ci karo da ita. Tun da Shakira ta fitar da waƙarta ta habaici da makaɗi Bizarrap a Janairun 2023, watanni bayan rabuwarta da ɗan ƙwallo Gerard Piqué, sannan ita da Karol G suka biyo da waƙar "TQG" a Fabrairu, mata da yawa suka ɗauka warkewa ita ce ki mayar da martani a bainar jama'a har ya ƙone. To, dubi wadda ke waƙar. Tana da lauyoyi, masu gadi da dukiyarta, ta kuma kwashe 'ya'yanta ta koma Miami. Abin da take rera wa kuma cin amana ne, ba duka ba. Ke fa? Mutumin da ya saba ɗaga miki hannu, wataƙila ya san layinku da tashar da kike shiga mota. Duk mai aiki da matan da aka ci zarafinsu ya san watannin bayan rabuwa su ne mafi haɗari, don a lokacin ne namijin ke jin iko ya kuɓuce masa. A irin wannan lokaci ne za a ce ki tsokane shi da hoto? Hoton da ke nuna ƙofar gidanki a baya?

Akwai wata illar kuma. Macen da ke kwalliya don ya gani, tana duba ko ya kalli abin da ta saka, har yanzu shi ke tsara mata yininta. Su kuwa masu shiga TikTok suna sayar da "darasin rama wa tsohon miji", ba su taɓa raka mace ofishin 'yan sanda ba. Takaicinsu nake ji, wallahi, daidai da na bokayen da ke cewa za su "karya asirin" ya dawo.

In waƙa kike so ta yi miki jagora, nemi kundin mawaƙiyar Sifaniya Rosalía na 2018, "El Mal Querer". Ta gina shi a kan wani labari na ƙarni na 13, na matar da miji mai kishi ya kulle. Kundin babi goma sha ɗaya ne. Akwai aure, kishi, rigima, makoki, kulle. Babin iko shi ne na ƙarshe, kuma kafin shi sai da aka bi ta babin dawowar hankali. Ƙawayenki so suke ki tsallake goma ki faɗa na sha ɗaya.

Ki toshe shi a ko'ina, amma kafin nan ki adana duk saƙon barazana. Ki fara da ƙananan zaɓi: me zan ci yau, wa zan kira. Ki kira 016, layin gwamnatin Sifaniya na matan da ake cin zarafinsu. Kyauta ne, dare da rana, ba ya fitowa a takardar kuɗin waya, sai dai ki goge shi daga jerin kira. Su za su haɗa ki da lauya da mai ba da shawara. In kuma yana yi miki barazana da takardun zama, ki gaya musu: dokar ƙasar ta tanadi izinin zama ga baƙuwar da kotu ta ba umarnin kariya.