Lasifikan da ake sake ƙerawa: daidai suke da na da?

Malam, ka tambaya ko sabbin lasifikan nan masu kamar na zamanin iyayenmu daidai suke da na asali. A'a, riga ce kawai iri ɗaya.

Ɗauki lasifikar L100 ta kamfanin JBL. Ta fito a 1970, aka dawo da ita a 2018 da sunan L100 Classic. Akwatin katakon nan da soso mai gida-gida a fuska suna nan, babbar lasifikar inci 12 ce har yanzu, amma kayan ciki da na'urar raba sauti duk sabbi ne. Haka kamfanin Wharfedale na Ingila ya yi wa lasifikarsa Linton a 2019. Ni dai Linton ɗin na fi so, muryar mawaƙi tana fita da taushi, kalangu kuma bai kumbura.

Tsohuwa kuwa, in ka tsince ta a kasuwa, cire murfin ka taɓa zoben da ke kewaye da bakin lasifikar. In na soso ne, zafin Damagaram da ƙurar hunturu kan mai da shi gari, yatsa ma sai ya huda shi.

Ko wacce ka saya, kada ka manna ta da bango, kuma ka ɗaga ta daga ƙasa. Amfilifayarka, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, watt nawa ce?