Amsa: Mura bayan dashen ɓargo

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce wata 3 da yi masa dashen ɓargo saboda sikila, ga mura da zazzaɓi, ko paracetamol ya isa? Bai isa ba, yana ma ɓoye zazzaɓin. Garkuwar jikinsa ba ta farfaɗo ba tukuna, kuma murar infuluwenza kan gangara huhun irinsu da sauri. Don Allah ki kira likitansa yau ɗin nan. Za su gwada majinar hancinsa, su ba shi oseltamivir, maganin infuluwenza, wanda ya fi aiki cikin awa 48 na farko da fara ciwon. Allurar rigakafin mura yawanci sai ya cika wata 6 da dashen, amma ku 'yan gida ku je a yi muku, mai tari kuma ya nisanci ɗakinsa.