Yadda ake miƙar da lanƙwasar hotuna da yawa a lokaci ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar hoton biki, ina aiki da Canon da gilashin da ya zo da ita, 18-55mm. Hotunan da nake ɗauka a cikin ɗakin taro sai in ga bango da ginshiƙai sun lanƙwashe. Na gyara guda ɗaya da hannu a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ya yi kyau, na kwafa gyaran na zuba wa sauran, sai wasu suka ƙara lalacewa. Ko akwai hanyar gyara su gaba ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai, kuma Lightroom ɗin da ke hannunka ya isa. Abin da ya ɓata maka aiki shi ne ka ɗauki adadi guda ka raba wa kowane hoto, alhali gilashin naka ba lanƙwasa iri ɗaya yake yi ba.

A 18mm, layin da ke kusa da gefen hoto yana kumburowa waje kamar cikin tulu. Kana juya gilashin kana matso da abu kumburin yana raguwa, ya kusa ɓacewa a tsakiya, kafin ka kai 55mm ya juye, layukan sun ɗan lotsa ciki. To ka ga gyaran da ya miƙar da hoton 18mm, in aka ɗora shi a kan na 55mm, lotsawar zai ƙara. Mai hoton biki kuwa hannunsa ba ya barin zoben gilashi, daga amarya ya koma kan makaɗa, daga nan ya faɗaɗa ya ɗauko ɗakin duka.

Maganin shi ne ka bar manhajar ta auna wa kowane hoto nasa. Kyamara tana rubuta bayani a cikin kowane fayil, wanda ake kira EXIF: sunan gilashi, milimita nawa aka ɗauka, da girman buɗewar idon gilashin. Adobe kuma sun auna gilasai da dama sun ajiye ma'auninsu, tun Lightroom 3 da ya fito a 2010. In ka kunna, manhajar ta karanta EXIF, ta ɗauko ma'aunin da ya dace.

A Lightroom Classic, buɗe hoto ɗaya a Develop. Ka fara mayar da gyaran hannun da ka yi zuwa sifili. Sannan ka shiga Lens Corrections, ka sa alama a Enable Profile Corrections, da kuma Remove Chromatic Aberration, wanda ke rage zaren launi da ke fitowa a bakin abubuwa, musamman wajen gefen hoto. Zaɓi duk hotunan, danna Sync mai kwafa gyara zuwa sauran hotuna, danna Check None, ka sa alama a gyaran gilashi kaɗai. Wannan na ƙarshe kada ka tsallake shi, in ba haka ba haske da launin hoton farko za su bi sauran, hoton waje da rana ya ɗauki gyaran cikin ɗaki.

Akwai wani ɗan tarko a nan da ke kama ƙwararru ma. A ƙarƙashin alamar da ka sa akwai wurin da aka rubuta Setup. Ka tabbatar yana kan Auto kafin ka danna Sync. Da zarar ka zaɓi sunan gilashi da hannunka, sai ya koma Custom, kuma wannan gilashin za a liƙa wa dukkan hotuna, har waɗanda yaronka ya ɗauka da wata kyamarar. In aikin ya haɗa gilasai biyu ko uku, na fi son a tace su tukuna a Library ta sunan gilashi, a gyara rukuni-rukuni.

Don gaba, ka ajiye wannan gyara a matsayin preset, wato ajiyayyen gyara da ake sake amfani da shi, ka zaɓe shi a Apply During Import. Hotuna za su shigo a miƙe tun daga katin kyamara.

Duk wannan ya fi tafiya daidai da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, yana da matsala biyu. Ma'aunan da Adobe suka yi masa ba su kai na RAW yawa ba, sannan kyamarori da yawa suna gyara lanƙwasar tun a ciki in an kunna musu. Ka ƙara gyara a kai, ka yi gyara sau biyu, bango ya lanƙwashe ta ɗaya ɓangaren. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa an riga an share masa EXIF, manhaja ba ta da abin karantawa. A ce wa mai turowa ya aiko shi a matsayin fayil. Haka tsofaffin gilasai da ake ɗaurawa da adafta marar waya, ba sa gaya wa kyamara sunansu. Waɗannan dole a ware su a gyara da hannu, kuma in gilashin ba ya zuƙowa, misali 50mm tsayayye, adadi guda zai wadatar da su duka.

Wanda ba shi da kuɗin Adobe bai rasa ba. Canon suna ba masu kyamararsu Digital Photo Professional kyauta, Nikon suna da NX Studio, kuma kowanne ya san gilasan gidansa sarai. Darktable da RawTherapee ma kyauta ne, suna ɗauko ma'auni daga rumbun Lensfun. Mai Photoshop kawai ya duba File, Automate, Lens Correction, ya nuna masa jakar hotuna da inda zai zuba sakamako.

Sai dai ba kowace karkata ce laifin gilashi ba. In ginshiƙan a miƙe suke amma suna haɗe kai ta sama, kyamarar ka ɗaga. Wannan aikin sashen Transform ne a Lightroom, kuma ba na ba da shawarar zuba shi a kan hotuna da yawa ba tare da an duba ba, domin kowane hoto da kusurwarsa. Haka ƙawar amarya da ta tsaya a ƙarshen layi ta fito da faɗin fuska a 18mm: ma'aunin gilashi ba zai rage mata ba, wani lokaci ma ya ƙara ja. Gyaran wannan a wurin ɗauka yake, ka ja da baya ka zuƙo zuwa 35mm.

Ka kuma riƙa barin ɗan fili a gefe idan kana ɗauka, saboda miƙar da kumburi yana cin bakin hoto, yana iya tafiya da kafaɗar wani. In hotunan dare ne da ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, rage Vignetting ɗin da ke ƙasan sashen Lens Corrections zuwa rabi, domin haskaka kusurwoyin da suka yi duhu yana fito da ƙura-ƙuran hoto. Bayan Sync, ka duba kaɗan daga na 18mm da kaɗan daga na 55mm kafin ka kai a wanke.