Tambaya da Amsa: Atisayen numfashi na rage ciwon ɓarin kai?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ciwon ɓarin kai yana kama ni kusan sau huɗu a wata, da tashin zuciya, ko haske ba na son gani. An ce jan numfashi na taimakawa, na gwada da ciwon ya taso, sai jiri ya ɗebe ni. Ina matsalar take?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kin fara a lokacin da bai dace ba, kuma da alama kin yi sauri. Wannan atisayen rigakafi ne, ranar da kai yake lafiya ake koyonsa. Amfaninsa kwantar da damuwa, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Jirin kuwa, idan aka ja numfashi mai zurfi da sauri-sauri, iskar kabon ta jini tana raguwa fiye da kima, hanyoyin jinin kai su tsuke, har yatsu su riƙa tsikari.

Ki zauna ki jingina, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali kina ƙirga shida. Na cikin ne zai motsa, na ƙirji ya tsaya. Idan kowace ƙirga daƙiƙa ɗaya ce, numfashi shida ke nan a minti. Minti goma bayan sallar Asuba, goma kafin barci. Idan jiri ya zo, ki koma numfashin da kika saba, gobe ki rage zurfi.

Sai kuma nutsuwa yayin atisayen: ki ajiye hankalinki kan shigar iska da fitarta. Zai gudu wajen cefane ko kuɗin makarantar yara. Ki dawo da shi ba tare da jin haushi ba. Wannan dawowar ita ce atisayen. Ki ba shi wata biyu, kina rubuta ranakun ciwo, barcinki, tsallake abinci da lokacin al'ada, sannan ki kwatanta.

Kada ki ajiye maganin da likita ya rubuta miki. Amma ki ƙirga ƙwayoyi: shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da ciwon kai.

Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko raunin ɓarin jiki, ko kina da juna biyu, wannan asibiti za ki nufa nan take.